Yadda Na Gaida Surukina a Filin Tai Chi

Ba zan taɓa mantawa da waccan Asabar ɗin ba, kuma ko na so in manta ba za a bar ni ba. In na shiga coci akwai mai tuna mini. In na je sayen garin tuwo a 125th Street akwai mai tuna mini. Har a wurin aiki, wani abokina ɗan Nijar in ya hango ni daga nesa sai ya dafa gwiwa ya fara yin ƙasa a hankali yana ƙunshe dariya. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, tunda masu ba da shi a madadina sun fara zuba masa gishiri. (Ba a kira motar asibiti ba. Duk wanda ya gaya muku haka sharri yake mini.)

Ni direba ne. Ina tuƙa bas ɗin da ke zagaye da ma'aikata da fasinjoji a filin jirgin JFK da ke nan Amurka, daga wannan ƙofa zuwa waccan, yini guda a zaune. Da na haura arba'in da biyar sai baya ya fara ciwo, tumbi ya fito ba tare da ya nemi izinina ba. Likita ya auna jinina ya ce ya hau sosai. Matata Hannatu nas ce, don haka babu inda zan ɓoye sakamakon. Ta ce sai na motsa jiki. Na gwada gudu sau ɗaya, ban gama zagaye layinmu ba wata tsohuwa mai jan kare ta wuce ni. Daga ranar na rataye takalmin gudu.

Hannatun ce ta samo mini tai chi. Ta ce akwai aji kyauta a wani ɗakin taro na unguwa kusa da gidanmu a Harlem, Talata da Asabar da safe. Da na ji an ce abin mutanen China ne sai raina ya yi fari, na tuna finafinan da muke kallo muna yara a Kaduna, inda mutum ɗaya zai tashi sama ya kwantar da goma. Na tura ƙofar ɗakin ina ji da kaina, na tarar da tsofaffi kusan talatin a tsaye, shiru, suna ɗaga hannu a hankali kamar masu tsoron tayar da jariri daga barci. Mafi ƙuruciya a cikinsu zai girme ni da shekara goma sha biyar. Na juya zan sulale, sai wata 'yar ƙaramar mata mai furfura ta ce da ni da Turanci, "Kai yaro, ajiye jakar nan ka tsaya can."

Wannan ita ce Misis Wong, malamarmu. Tsawonta bai kai kafaɗata ba, amma ban taɓa ganin wanda ya yi mata musu ba. Na tsaya inda ta nuna. A gefena akwai wani dattijo baƙar fata, Mista Leroy, tsohon mai raba wasiƙu, wanda aka sa wa ƙarfe a gwiwar dama. Ya dube ni ya ce, "Kada ka damu, ɗana, mu ma duk ba mu san abin da muke yi ba."

Abin mamaki, abin ya shige ni. Ni da na saba da hon da gaggawa, na koyi tsayawa in ja numfashi, in mayar da nauyina daga ƙafa zuwa ƙafa ba tare da na yi rawa ba. Baya ya saki, jini ya sauka. Kuma da yake ni ne mai sauran ƙwaƙwalwar da ke riƙe jerin motsin daga farko har ƙarshe, kafin shekara biyu Misis Wong ta mayar da ni layin gaba. Ta ce wa ajin, "Duk wanda ya manta, ya kalli wannan. Abin da ya yi, ku yi." Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Har a layin biyan kuɗin kanti sai in kama kaina ina tura iska da tafin hannu.

Tana da dokoki biyu da take maimaita mana har muka haddace. Ta farko, in an fara ba a tsayawa, ko da gini ne ya faɗi. Ta biyu, in ka yi kuskure ka yi shi a hankali da natsuwa, ba wanda zai gane kuskure ne. Akwai kuma wani motsi guda da ta haramta mana. Asalinsa ana miƙe ƙafa ɗaya ne a yi ƙasa sosai, har mutum ya kusa zama. Mu kam ɗan lanƙwasa gwiwa kawai muke yi mu wuce. Takan ce, "Ɗalibaina ba sa zuwa ƙasa. Wanda ya je, ba ni zan ɗago shi ba." Ku riƙe waɗannan, za ku buƙace su.

Ana cikin haka Baba ya zo.

Baba shi ne mahaifin Hannatu, kuma sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko a rubuce. Tsohon hedimasta ne daga Zonkwa, dogo, siriri, mai sanda da hula, irin mutanen da in sun yi gyaran murya sai ka duba ko maɓallin rigarka a buɗe yake. Ya zo ne a cire masa yanar ido. Ni da kaina na ɗauko shi daga filin jirgi, ni na kai shi asibiti, ni na riƙe masa sanda har aka gama. Wato da hannuna na gyara idon da zai kama ni.

Tsakanina da Baba akwai tsohon nauyi. Tun farko bai so 'yarsa tilo ta auri direba ba, balle direban da zai tsallaka teku da ita. Sannan lokacin da Mama, matarsa, ta rasu, takardunmu ba su kammala ba, Hannatu ba ta samu zuwa jana'iza ba. Ta yi kuka har na rasa inda zan sa kaina. Baba bai taɓa cewa laifina ne ba, amma tun daga lokacin ya daina yi mini magana kai tsaye. In na gaishe shi zai amsa da "lafiya" guda ɗaya, yana kallon bango. In yana da saƙo kuwa, ko ina tsaye a gabansa, sai ya juya ya ce, "Hannatu, ki gaya wa mijinki ya rage sanyin ɗakin nan." Shekara goma sha biyu ina "mijinki". Abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa, domin ni maraya ne tun ina saurayi, kuma na so a ce ina da wanda zan kira Baba ya amsa yana kallona.

To ku auna kunyar suruki a gida mai ɗaki biyu da banɗaki ɗaya. A can gida in surukinka ya zo sai ka zagaya ta bayan gida, ka ci abincinka a zaure. A Harlem ina zauren yake? Ba zan iya cin abinci a gabansa ba, sai na koma ɗaukar kwanona in sauka hawa huɗu in zauna a mota in ci tuwona. Kowace safiya kuwa, kafin in fita, sai na je ƙofar ɗakinsa na cire silifa na durƙusa na gaishe shi. Wannan kam ban taɓa fashi ba, domin ita kaɗai ce shaidata cewa Amurka ba ta cinye ni ba.

Shi ma Baban ba daɗin garin yake ji ba. Ya shiga lif ya gaida mutane, suka kalli wayoyinsu. Ya zauna a bakin ƙofar gini ya ɗaga wa masu wucewa hannu, wani ya miƙa masa canji. 'Yarmu Murna ta dawo daga makaranta ta ce masa "Hi, Grandpa" a tsaye, tana tauna cingam. Sai ya koma zama a bakin taga yini guda, yana kallon titi da sabon idonsa. Na ji shi ran nan yana ce wa Hannatu, "A garin nan tsoho da turken fitila duk ɗaya ne."

A daidai wannan lokacin ne aka gayyaci ajinmu wani taro da ake yi a wani fili a unguwar, inda ƙungiyoyin tai chi daga sassan birnin ke haɗuwa kowa ya nuna abin da ya iya. Wannan ne karo na farko da aka tuna da mu. Misis Wong ta sa aka ɗinka mana fararen kaya masu santsi, riga da wando, waɗanda in ka gan su ba ka san labari ba za ka ce na barci ne. Ta kira ni gefe ta ce, "Ranar ba zan tsaya a gaba ba. Ina so mutane su ga sun iya ba tare da ni ba. Kai ne idonsu."

Na dawo gida da murna, na hango Baba a bakin taga, murnar ta koma ciki. Mutumin da ya riga ya yanke cewa 'yarsa ta auri wanda bai isa ba, ya ji kuma cewa magidanci mai shekara kusan hamsin yana sa kayan barci ya je fili yana lilo da hannu tare da tsofaffin mata? Na ja Hannatu kicin na rage murya.

"In ya tambaya ran Asabar, ki ce ina wurin aiki."

"Ni ba zan yi wa ubana ƙarya ba, Baban Murna."

"To ki yi shiru kawai."

"Exercise ne fa, ba sata ba. Me kake jin kunya?"

"Ke dai ki yi shiru, don Allah."

Ta kalle ni ta ce, "To." Na daɗe da auren matar nan, ya kamata in san irin wannan "to" ɗin.

Ranar Asabar na tashi da wuri, na cusa fararen kayan a jakar aiki. Na zo ƙofar ɗakin Baba, na ji yana karatun Littafi Mai Tsarki a hankali. In na durƙusa zai ga jaka, zai ga ban sa rigar aiki ba, zai tambayi Hannatu inda mijinta za shi. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na riƙe takalmina a hannu na wuce a kan yatsun ƙafa, na fita ban gaishe shi ba. Na ce a raina in na dawo na haɗa masa da ta rana.

Filin ya cika. An kewaye tsakiya da igiya, 'yan kallo a tsaitsaye, wasu da kofin shayi, wasu da keken jarirai. Ƙungiyoyin da suka riga mu matasa ne, wasu da takubba, wasu da mafitai, suna juyi ana tafi. Tsofaffina suka fara tsurewa. Wata Misis Rosa ta riƙe hannuna ta ce ta manta komai, har sunan jikanta. Na bugi ƙirji na ce, "Ku dai ku kalle ni. Duk abin da na yi, ku yi." (Allah ya sani, da bakina na faɗa.)

Aka kira mu. Muka jeru layi biyar, ni kaɗai a gaba, taku biyu tsakanina da igiya. Aka kunna sarewa mai sanyi a lasifika. Na ɗaga hannu, na ji hannaye sittin sun ɗagu a bayana. Gaskiya mun fara da kyau. Iska na kaɗa fararen kayanmu, filin ya yi tsit, na hango Misis Wong a gefe ta harɗe hannu tana gyaɗa kai. Na juya hagu a hankali, na tura iska, na dawo dama.

Ina dawowa na yi ido huɗu da Baba.

Ga shi nan tsaye a bakin igiya, daidai gabana, da hularsa da sandarsa. Hannatu na gefensa tana kallon sama kamar ba ta san ni ba. A ɗaya gefen kuma ga Alhaji Mumuni, wani ɗan Kumasi mai sayar da huluna da turare a 125th Street, ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo yana washe baki. Daga baya na ji yadda aka yi. Hannatu ta fito da Baba sayen hula, Alhaji Mumuni ya ce, "Ei, Madam! Mijinki na can park, ya sa farin kaya kamar dokta. Ku zo ku gani, yana ƙoƙari sosai paa!" Ya bar wa maƙwabcinsa teburin ya rako su da kansa. Hannatu ta rantse ba ita ta shirya hakan ba. Har yau ban tambaye ta dalilin da ya sa duk masu hular Harlem sai teburin da ke kusa da filin ta zaɓa ba.

Hannuna na ci gaba da tafiya, kaina kuma na ta lissafi. Ga surukina a gabana, taku biyu, ban gaishe shi ba tun safe, kuma yana kallona da ido sabo fil. In na ci gaba kamar ban gan shi ba, na tabbatar masa da duk abin da yake zato: yaron nan ya yi ƙarya, ya fita ba gaisuwa, ga shi kuma ya kalli tsabar idona ya kau da kai. In na tsaya kuwa, na karya dokar Misis Wong, na watsa mata taro a ranar da ta fi kowace rana a wurinta.

Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ban taɓa yin tunani mai kyau irinta ba. Mun kusa zuwa motsin nan da ake ɗan lanƙwasa gwiwa. Na ce to, me zai hana in ɗan ƙara zurfi, in durƙusa, in yi gaisuwata ƙasa-ƙasa, in miƙe in ci gaba? Ai malama da kanta ta ce in aka yi abu a hankali da natsuwa ba wanda zai gane. Baba zai ga gaisuwa, 'yan kallo za su ga tai chi, kowa ya samu nasa. Abu ɗaya kawai na manta, wato mutum talatin da ke bayana.

Na zare ƙafa daga takalmi a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na yi ƙasa a natse, da kyau, irin kyan da ban taɓa yi wa wani motsi ba. Na sunkuyar da kai, na dafa gwiwa, na ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ina kwana."

A bayana na ji wata ƙara kamar ana karya itacen girki. Ƙas. Ƙas-ƙas. Wani ya ce "Ya Yesu" da Turanci, wata ta kira wani waliyyi da Sifaniyanci. Ban waiwaya ba, don mai gaida suruki ba ya waiwaye, amma na gane. Gwiwoyi ne. Tsofaffina sun ga na yi ƙasa, sun ɗauka wani abin burgewa ne muka shirya da malama a ɓoye, suka biyo ni gaba ɗayansu. Waɗanda suka fi lura har takalmi suka cire.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma an gyara wa Baba ido ne, ba a gyara masa kunne ba. Ya juya ya ce da ƙarfi, "Hannatu, me mijinki yake cewa?"

Ba yadda zan yi. A tsakiyar filin da ya yi tsit, sarewa na busawa, na ɗaga murya na ce, "BABA, INA KWANA!"

Sai Baba ya ɗago kai ya dubi bayana. Mutumin da ya yi sati uku ba wanda ya amsa masa sallama, ga kawuna talatin masu furfura a sunkuye a gabansa, farare da baƙaƙe da 'yan China, cikin fararen kaya. Na ga fuskarsa ta canza. Ya gyara tsayuwa, ya mayar da sanda hannun hagu, ya ɗaga na dama. Kuma maimakon "lafiya" guda ɗaya da ya saba ba ni, yau ya ga dama ya yi gaisuwa cikakkiya, irin ta hedimasta a gaban taron iyaye.

"Lafiya lau. Kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Yaya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya iyalanku duka?"

"Duk lafiya."

"Yaya sanyin garin nan naku?"

"Da sauƙi, Baba."

Kun san ba a miƙewa sai babba ya sallame ka. Ni ina durƙushe, su ma suna durƙushe, domin ni ne idonsu. Ina jin numfashi na fita da ƙyar a bayana. Sai muryar Mista Leroy ta zo kunnena, tana rawa: "Ɗana, wannan motsin yaushe yake ƙarewa?"

Bai rufe baki ba Misis Rosa ta zauna daɓas, ta jingina da na gefenta, shi ma ya tafi, layi na uku ya kwanta a hankali gaba ɗayansa. Ko a faɗuwar ma sun bi doka, ba wanda ya yi gaggawa. Wasu 'yan kallo suka fara tafi, suna zaton cikin shirin ne.

Baba ya ce, "Madalla, madalla. Ku tashi haka nan. Allah ya yi muku albarka."

Na miƙe na waiwaya. Ban taɓa fatan ƙasa ta tsage in shige ba kamar ranar. Mutum biyar ko shida ne suka iya tashi da kansu. Sauran suna nan, wasu a zaune, wasu a rarrafe, takalma a warwatse, sarewa kuma ba ta fasa ba. Alhaji Mumuni ya cusa waya a aljihu (bayan ya gama ɗauka, ba kafin ba) ya tsallake igiya, Hannatu ta bi shi, matasan nan masu takubba suka ajiye takubbansu suka shigo, aka shiga ɗaga tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Baba da kansa ya miƙa wa Mista Leroy sandarsa ya jawo shi. Abin da ya cece ni shi ne dariya. Misis Rosa ce ta fara, tana zaune a ƙasa tana share hawaye, sai ta kama kowa, har waɗanda ba su tashi ba.

Misis Wong ba ta yi dariya ba. Ta tako har gabana, ta ɗaga kai ta dube ni.

"Wane ne wannan?"

"Mahaifin matata ne. Ban gaishe shi da safe ba. A wurinmu ba a..."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta dubi Baba, ta dubi takalmana da ke gefe. Ta ce, "Gaisuwar ta yi. Amma nauyinka yana kan ƙafar da ba daidai ba." Sannan ta juya ta kalli ɗalibanta da ake ta kakkaɓe wa ciyawa, ta ce, "Shekara nawa ina cewa ba za su iya zuwa ƙasa ba. Ashe suna iyawa. Tashi ne ya rage mu koya." Ta wuce wurin Baba, ta haɗa hannu ta rusuna masa. Shi kuma ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba in ba a coci ba.

Da aka watse, Baba ya zauna a wani benci ya aiki Hannatu sayen ruwa. Ni ina tsaye nesa kaɗan cikin kayan barcina, ina lissafin yadda zan koma kwana a mota gaba ɗaya. Sai na ji ya ce, "Zauna."

Na waiwaya ina neman Hannatu.

"Da kai nake."

Na zauna a can ƙarshen bencin, rabin jikina a iska. Ya dubi filin ya fara magana.

"Kana zaton ban gane ba? Shekara talatin ina jera yara a fili suna motsa jiki. Na san bambancin mai gaisuwa da mai kwaikwayon na gaba. Ba ni suka durƙusa wa ba. Kai suka bi."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri."

"Ban gama ba. Duk da na sani, na ji daɗi. Na ja gaisuwar ne da gangan, Allah ya yafe mini." Ya yi ɗan murmushi, sannan ya ɗauke shi. "Wancan mai ƙarfe a gwiwa, ya san gwiwarsa ba ta zuwa ƙasa. Ya ga ka tafi, bai tambaya ba, ya bi ka. Tsoho ba ya yi wa mutum haka a banza. Ni na yi shekaru ina cewa wayo ka yi wa 'yata har ta bi ka ƙarshen duniya." Ya gyara riƙon sandarsa. "Maganar mahaifiyarta kuma, na san ba kai ka hana ta zuwa ba. Na rasa wanda zan ɗora wa ne, kai kuma kana da faɗin baya."

Na sunkuyar da kai. Ni da nake ganin na girmi kuka, sai ga shi ina goge ido da hannun farar riga a bainar jama'a, kunya ta biyu a rana ɗaya.

Ya ce, "Amma fita ba gaisuwa, kada ka sake."

"Ba zan sake ba, Baba."

"Kuma daga yau ka ci abinci a tebur, ɗana. Na gaji da hango ka ta taga kana cin tuwo a mota kamar ɓarawo."

Sati biyar da suka rage masa a garin, kowace Talata da Asabar tare muke tafiya aji. Bai taɓa ɗaga hannu ya yi motsi ko ɗaya ba, ya ce shi ya wuce wasa. Kujera yake ja ya zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya gaishe shi, a tsaye dai, bisa umarnin Misis Wong. Shi da Mista Leroy suka ƙulla abota, suna hira da ƙarfi ba mai jin ɗan'uwansa. Bidiyon Alhaji Mumuni kuwa ya riga Baba isa Zonkwa.

Har yanzu ni ne a layin gaba, ko da yake yanzu kafin kowane taro sai malama ta tambaye ni a gaban kowa ko akwai wani dangin matata da ke gari. Na kuma koyi abin da zan riƙe har in tsufa: in an ce mutane su yi duk abin da ka yi, to ka gama gaishe-gaishenka tun daga gida.